Tarihin rufin ɗakunanmu, daga jinka zuwa kwano

 Bazara ta shigo, gabas ta fara yin duhu da la'asar. Shi ya sa munka ga ya dace a wagga lamba mu waiwayi tarihin abin da ke bisa kawunanmu, wato rufin ɗaki, da yadda kakanninmu ke shirya shi kafin hadarin farko.

Kowa ya san hadari a ƙasarmu daga gabas yake tasowa. Iska da ƙura ke gaba, ruwa na biye, kuma sau da yawa ɓarnar iskar ta fi ta ruwan. Magabata sun lura da haka tun da daɗewa. In kunka duba tsofaffin gidaje za ku ga da wuya ƙofar ɗaki ta dubi gabas, kuma bangon gabas shi ake fara yi wa yaɓe, wani lokaci har a jingina masa zana don kada ruwa ya ci shi.

Rufin farko a ƙauyukanmu shi ne jinka. Aikinta ba ranar hadari yake farawa ba, tun kaka ake soma shi. Da an gama ɗaurin damma sai samari su shiga daji yankan shuci da gamba, a tara, a bari ya bushe. Da ɗari dattawa su zauna gindin itace suna yanta, suna tufka igiyar kaba, wadda mutanen Gulbin Kaba sunka daɗe suna kawowa kasuwanni. Tsaiko a ƙasa ake ɗaure shi, a yi masa tanka zagaye bayan zagaye, sannan maza su taru su ɗaga shi su aza bisa bango. Baibaya kuwa daga ƙasa take farawa zuwa sama, kowane zagaye ya rufe kan wanda ke ƙarƙashinsa, har a kai tsororuwa a ɗaure tam. Duk wanga aiki mutum ɗaya ba ya iya shi. Gayya ake yi: yau gidan wane, gobe gidan wane, mai gida ya ba da fura da goro. Gwauruwa da tsohon da ba shi da ɗa a gida su ma ana yi musu, ba sai sun roƙa ba.

Jinka ta san iska. Da yake zagaye take, kuma tana da tsini, iska ba ta samun inda za ta kama, sai ta zame ta wuce. Ruwa ma ba ya zama a kanta. Amma ba ta wuce 'yan shekaru sai ta zama bunu, a sauke, a sake sabuwa. Babban abokin gabarta wuta ce. Mu malaman lakwal ba mu manta da shekarar 2021 ba, lokacin da gobara ta kama azuzuwan zana a Yamai cikin watan Afrilu ta kashe yara 20, sannan ta sake kamawa a Maraɗi cikin Nuwamba, yara fiye da 20 sunka rasu. Allah ya jiƙansu.

Soro da shigifa daga birni sunka zo mana. A birnin Damagaram, wanda shi ne babban birnin ƙasar har 1926, gini sana'a ce ta gado, da sarkin magina da almajiransa. A ƙauye kuwa dā sai sarki, liman, ko falke mai hali ke da shigifa. Ƙashin bayan wanga rufi azara ce, wadda ake tsagawa daga giginya. An zaɓe ta ne don gara ba ta cinta da sauƙi. Sai dai azara ba ta ɗaukar nauyi in faɗin ya wuce kamar mita 2, shi ya sa tsofaffin shigifu ke da ƙunci, shi ya sa kuma magina sunka ƙirƙiro baka, don a sami ɗaki mai faɗi ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Bisa azara a shimfiɗa zana ko kara, a zuba ƙasa, a daɓe, sannan a shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Inda akwai marina ana yin laso da katsi, shi ne ya fi riƙe ruwa. A ƙarshe a ɗan karkata rufin zuwa wajen indararo.

Shigifa ba ta tsoron iska, ba ta tsoron wuta, ga sanyi da bazara. Abin da ke kashe ta ruwa ne in ya kwanta. Saboda haka kowace shekara, kafin hadarin farko, mai gida ko babban ɗansa ya kan hau sama. Ya share, ya tumɓuke ciyawa, ya buɗe indararo, domin tsuntsu na yin sheƙa ciki. Ya bi rawanin bango yana neman tsaga, tunda sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka. Daga ciki kuma a ƙwanƙwasa azara ɗaya bayan ɗaya, wadda ta yi amon holoƙo an san gara ta shiga. Akwai wani abu da tsofaffin magina ke nacewa a kansa, wanda yau anka yi wa sakaci: kafin a ƙara sabuwar ƙasa sai an kankare tsohuwa. In ana ta ƙari kowace shekara ba a ragewa, rufin ya kan yi nauyi ƙwarai. Da malka ta zo ƙasar ta sha ruwa, nauyin ya ƙaru, azara ta karye, galibi da dare mutane na barci a ƙasa.

Tarihin Maraɗi ya nuna mana kuma cewa rufi mai kyau ba ya ceton ɗakin da anka gina a hanyar ruwa. Tsohon garin cikin kwarin Gulbi yake. A 1945 ambaliya ta cinye shi, anka tayar da mutane zuwa bisa tudu, inda birnin yake a yau.

Kada a ɗauka ginin ƙasa abin raini ne. A Yama, cikin ƙasar Tawa, magini Falke Barmu ya fara ginin masallacin Juma'a a 1962 da ƙasa da itace, jama'ar gari na taya shi, kuma a 1986 ginin ya sami kyautar Aga Khan ta duniya. Abin da ya tsai da shi hannun mutanen garin ne, da ke komawa suna gyara.

To, me ya canza? Da farko dai itace. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa masu yawa, mutane sun ƙaru, gonaki sun cinye dajin da ake yankan shuci. Dokar gandun daji ta 1974 ta sa sare giginya ba da izini ba ya zama laifi, azara ta koma abin saye daga nesa, kamar wajen Gaya, da tsada. A 1980 anka fara gwada gini marar itace a Cikal, ƙasar Filinge, inda ake yin rufin da tubali zalla, kuma an horar da magina da dama, amma bai game ƙauyukanmu ba. Sassaben zamani, wanda ya fara a jihar Maraɗi wajen 1983, ya maido mana da sandunan tsaiko da itacen girki. Giginya kam ba ta girma da gaggawa, wanda ya shuka ta jikansa ke tsaga azararta.

Na biyu, kuɗi. Lokacin gyaɗa, musamman bayan kafa kamfanin SONARA a 1962, manoma sun fara riƙe kuɗi a hannu, kwano ya fara bayyana a kantuna da gidajen alhazai. Da gyaɗa ta faɗi bayan fari, kuɗin ci-rani ya karɓe ta. Daga nan kwano ya zama shaida: duk gidan da ke walƙiya daga nesa an san ɗansu ya tafi ya samo. Ba mu ga laifin kowa ba. Kwano ba ya son yaɓe, gara ba ta cinsa, uwa ta huta da tara ƙwarya ƙarƙashin yoyo. Zafinsa da ƙararsa kuwa kowa ya sani. A aji, da ruwa ya sauko bisa kwano sai mu aje alli, don ko na gaban allo ba ya jin malami.

Amma kwano ya zo da wata cuta da jinka da shigifa ba su da ita. Ba shi da nauyi, kuma shimfiɗe yake kamar fiffike. Iska in ta bi ta kansa da ƙarfi tana tsotsarsa sama, in kuma ta sami ƙofa ko taga a buɗe ta shiga ta tura shi daga ciki. Daga kusurwa da baki take fara ɗagawa, ƙusa ɗaya ta saki, sauran su bi. Sau da yawa ba kwanon kaɗai ke tashi ba, har da katakon, domin an aza shi bisa bango kawai ba a ɗaure shi da ƙarfe ko waya cikin ginin ba. Kwanon da ya tashi kuwa wuƙa ne, yana yanka dabba, yana yanka mutum. Bayan karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994 kayan waje sun yi tsada, mutane da yawa sunka koma sayen kwano marar kauri, ana kuma tsimin ƙusa. Duwatsu da tsofaffin tayoyin da muke gani bisa rufi tun daga nan sunka yawaita. Suna taimako kaɗan, amma ba su kai ɗauri ba.

Abin da ya fi damunmu shi ne al'adar hawa sama ta mutu. An ɗauka wanda ya sa kwano ya gama da rufi har abada. Gayya ta ja baya. Zamanin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, samariya ta riƙe wani abu na aikin gayya, bayanta sai kowa ya koma ta kansa. Yau a watannin da ya kamata a yi gyara, majiya ƙarfi duk suna waje, gida sai tsofaffi da mata da yara, kuma yawancin tsofaffin nan cikin shigifa suke kwana, ɗakin kwanon na amarya ne.

Ga shi kuma hadarin ya ƙara ƙarfi. Masu binciken yanayi sun nuna a 2017 cewa manyan hadura a yankin Sahel sun ninka sau 3 tun daga 1982. Damanar 2024 ta tabbatar mana. A ƙarshen watan Agusta ruwa kamar milimita 150 ya sauka a Maraɗi cikin sa'a ɗaya da rabi, mutum 15 sunka rasu. Ranar 3 ga Satumba tsohon masallacin birnin Damagaram, wanda ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. A ƙasa baki ɗaya mutum fiye da 300 sunka mutu a waccan damana, da yawa daga cikinsu gini ne ya faɗa musu.

'Yan'uwa na waje, mun lura kuɗin gyara ya kan iso gida cikin Yuli, bayan an buga muku waya an ce rufi ya tafi. A lokacin ƙasa ta jiƙe, yaɓe ba ya kamawa, magini na gona, kwano ya hau. Kakanninmu cikin Maris da Afrilu suke gama wanga aiki. Wanda zai aiko ya aiko yanzu, ya kuma faɗi sunan wanda zai hau ya duba, don kada kuɗin ya shige cefane. In shigifa ce, a kankare, a shafe, a buɗe indararo, a ƙwanƙwasa azara. In kwano ne, a ɗaure katako da bango, a ƙara ƙusa a baki da kusurwoyi, bisa tudun kwanon ba cikin kwarinsa ba. Gidajen da ba su da kowa a waje kuma, muna roƙon dattawan kowace unguwa su kawo sunayensu wurin magatakardan ƙungiya kafin taro mai zuwa, a sa ranar gayya, a fara da unguwar gabas.