Daga Yashe Zuwa Dawa: Tarihin Masu Doguwar Tafiya da Kare



Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Katsina ya san Yashe, garin da ke ƙaramar hukumar Kusada, kusan rabin hanya kafin a kai Kankiya. Daga wannan yanki ne kuma titin da ya nufi Malumfashi da Funtuwa ya rabu. Yau 'yan sa'o'i sun ishi mota ta gama da wannan hanya, amma kakanninmu da ƙafa suka san ta, cikin su kuwa akwai waɗanda ba su fita sai da kare a gaba ko a baya. Su ne abin da muke son dubawa, domin tarihinsu yana bakin tsofaffi, tsofaffin kuwa tafiya suke yi ɗaya bayan ɗaya.

Mu fara da abin da aka rubuta. A ranar 30 ga Janairun 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya bar birnin Katsina. Ya bi ta Kusada da Bichi, ya shiga Kano ranar 2 ga Fabrairu. Kwana huɗu ke nan a kan tafiyar da ta kai kimanin kilomita 170. A littafinsa mai juzu'i biyar da ya fito tsakanin 1857 da 1858 ya yabi wannan ƙasa ƙwarai saboda itatuwanta da garkunan shanu da yawan masu kai da komo. Hanyar cike take da mutane, domin reshe ce ta manyan hanyoyin fatauci. Ta nan ayarin gishiri na Buzaye ke gangarowa daga Azbin. Daga ƙasashen Kano da Katsina kuma fatake irin su Agalawa da Tokarawa ke tashi zuwa Gwanja neman goro, tafiyar da kan ci wata da watanni. Ayari yana da madugu da jagaba da uban dawaki, yana da zangon da ya san zai kwana. Masana sun tattara wannan tarihi, kamar yadda Paul Lovejoy ya yi a littafinsa kan fataken goro a 1980.

To amma bayan masu bin hanya akwai masu barin hanya, wato maharba da 'yan farauta da makiyaya. Su ba su da zango sai inda dare ya yi, ba su da madugu sai wanda ya fi sanin dawa. Akwai bambanci tsakanin maharbi da ɗan farauta, kuma yana da kyau marubuci ya kiyaye shi. Maharbi yakan fita shi kaɗai ko su biyu, da kwari da baka ko bindigar toka, aikinsa sanɗa da shiru. Farauta kuwa taron dangi ce ta rani. Idan an gama kaka, amfani ya shiga rumbu, ciyawa ta bushe, sai a sanar a kasuwanni, samarin ƙauyuka su haɗu da makaɗansu, kowa da gora ko barandami, kowa da karnukansa. A nan kare shi ne jari, shi ke tayar da zomo da gafiya da gada, shi ke bi, shi ke kamawa. Rigimar da ta fi tashi a fagen farauta ita ce ta karen wa ya fara kai baki, a nan ne kuma 'yan tauri ke gwada juna.

Doguwar tafiya da kare ilimi ce mai zaman kanta. Kare ba ya zufa kamar mutum, da haki yake rage zafin jikinsa, shi ya sa mai hankali ke sammako, ya nemi inuwar tsamiya ko ɗorawa idan rana ta take, ya sake tashi da la'asar. Ruwan da ke cikin gora ba na mutum kaɗai ba ne, kuma wanda bai san inda rijiya ko tafki yake ba zai dawo gida ba kare. Rairayi mai zafi yana ƙona tafin ƙafarsa, tsidau yana huda shi, ƙarangiya tana maƙale masa tsakanin yatsu, kaska tana shiga kunne. Don haka idan aka ya da zango, ana duba ƙafar kare kamar yadda mai jaki ke duba bayan jakinsa. Abincinsa ƙanzo ne da dusa da kayan cikin abin da aka kama. Shi kuma yana biya da hanci da kunne: shi ke fara jin kura ko baƙon motsi cikin dare. Wannan aikin ne yake yi wa Bafulatanin da ke bin burtali da shanunsa daga wuraren damina zuwa mashekari.

Me ya sa da wuya mu ci karo da wannan aboki a rubuce-rubucenmu? Littattafanmu na farko ai tafiya ce ƙashin bayansu. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, waɗanda suka fito daga gasar rubutu ta 1933, duka labaran matafiya ne. Amma matafiyin da ya samu shiga takarda yawanci malami ne ko basarake ko attajiri. Mai kare talaka ne na ƙauye, kuma harshenmu kansa ya ajiye kare a bayan gida. Idan za a zagi mutum a kira shi kare, idan za a kushe ɗan bangar siyasa a ce karen farautar wane ne. Akwai kuma tsohon tabo: Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara a 1908, ya ambaci baƙin kare cikin dabbobin da ake yanka wa tsafin Tsumburbura. Amma duk da haka karin maganarmu ta san darajarsa. Da muka ce karen bana shi ke maganin zomon bana, magana ce ta mutanen da suka daɗe suna kallon kare yana aiki.

Marubuci zai kuma so ya san abin da littattafan malamanmu suka ce, don kada ya sa wa ɗan wasansa tsoron da ba shi da tushe. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da dabbar farauta horarriya ta kama idan an ambaci sunan Allah. Hadisi ya ware karen farauta da na kiwo da na gona daga hanin ajiye kare. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, tana da babin da ya ƙunshi hukuncin farauta, kuma a mazhabar Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne. Suratul Kahfi ta ba da labarin samarin da suka bar garinsu suka fake a kogo, karensu yana kwance a bakin ƙofa. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito labarin matafiyin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, aka gafarta masa. Ke nan ɗan farautar da ya yi bisimilla ya saki karensa, ya kuma yi sauri ya yanka abin da ya samu da rai, yana aiki ne da fiƙihun da ya gada.

Abubuwa da yawa suka taru suka rage wannan tafiya. Layin dogo ya iso Kano a 1911, goro ya koma bin jirgi, daga baya manyan motoci suka ƙarasa ayari. Jama'a ta ƙaru, gonaki suka cinye saura da burtali, namun daji suka ja baya. Dajin Rugu, wanda ya fi kowane girma a yammacin ƙasar Katsina, ya zama wurin da mai neman zomo ba ya kusanta saboda 'yan bindiga. Mafarauta da dama yanzu mota suke shiga su tafi dazuzzukan kudu. Mun ga abin da hakan ya haifar a watan Maris na 2025 a garin Uromi na Jihar Edo, inda aka tare mafarauta 'yan Arewa da ke komawa Kano yin Sallah, aka zarge su da garkuwa da mutane saboda kayan farautar da aka gani tare da su, aka kashe goma sha shida. Sana'ar da ba a san tarihinta ba, kayan aikinta sukan zama shaida a kan mai ita.

Wasu al'ummomi sun mayar da irin wannan tafiya abin rubutu. A Amurka akwai hanyar ƙafa ta tsaunukan Afalashiya, mai tsawon kimanin kilomita 3,500, wadda aka kammala a 1937, kuma har an tsara inda kare zai bi da inda ba zai shiga ba. John Steinbeck ya zagaya ƙasar da karensa, ko da yake a mota, ya fitar da littafi a 1962 wanda har yau ake karantawa. Karen makiyayan Azawak na Nijar da Mali, mai dogayen ƙafafu da siririn ciki, an kai shi Turai a shekarun 1970, yau yana da suna da takardun asali. Su shaƙatawa ce ta fitar da su. Namu mutanen neman abinci ne ya fitar da su, kuma wannan ya fi nauyi a labari.

Ga aikin da muke ba kanmu. Ranar kasuwa a Yashe ko Kankiya ko Kusada, ko a garinku duk inda yake, a nemi dattijon da ya yi farauta ko ya bi shanu. A gaishe shi da kyau, a ce, "Baba, wace tafiya ce ta fi nisa da ka taɓa yi a ƙasa?" A tambaye shi kwana nawa suka yi, a wace rijiya suka sha, wane daji ne yanzu ya zama gona, me ake kiran karensa kuma me ya sa aka sa masa sunan, yaya aka hore shi, yaya ya ƙare. A nemi izininsa kafin a ɗauki murya a waya, a rubuta sunayen wurare yadda ya faɗe su, kada a gyara masa Hausa. Abin da ya gani da idonsa a ware shi daga abin da ya ji a bakin wasu. Wanda ya samu shafi biyu ya kawo mana nan mu karanta tare. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma dattijon da za mu tambaya bana ba lalle mu same shi baɗi ba.