Tafiyar Editoci Zuwa Ingila a 1943 da Abin da Ta Bar Mana

Mu da muke zaune a Kudu, daga Agege zuwa Sabon Ibadan, mun saba da jin labarinmu a bakin wasu. Shi ya sa tarihin tafiyar da Malam Abubakar Imam ya yi zuwa Ingila ya shafe mu kai tsaye.

A shekarar 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, aka gayyaci editoci takwas daga Afirka ta Yamma su je su ga Ingila. Cikinsu akwai Nnamdi Azikiwe na jaridar West African Pilot, wadda ya kafa a Legas a 1937, da kuma Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Zariya a 1939. Mutanen biyu ba hanya ɗaya suka biyo ba. Azikiwe ya yi karatu a Amurka, a jami'o'in Howard da Lincoln da Pennsylvania, inda ya ga yadda jaridun baƙar fata ke yaƙi da wariya. Imam kuwa ɗan Kwalejin Katsina ne, malamin makaranta, jaridarsa kuma a hannun gwamnati take.

Turawa sun so baƙin su dawo suna yabo. Sai Azikiwe ya shirya takarda, ya kafa hujja da yarjejeniyar Atlantika da Churchill da Roosevelt suka fitar a 1941, ya nemi mulkin kai cikin shekara 15. Imam bai sa hannu ba. Har yau akwai masu ganin laifinsa. Mu dai muna ganin mutum ne da ya san inda Arewa take a lokacin, makarantu kaɗan, ma'aikatan boko kaɗan. Kuma bai dawo hannu rabbana ba: ya gana da Lugga, ya faɗa masa damuwar matasan Arewa game da yadda ake tafiyar da mulkin En'e, sannan ya rubuta littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi, don mai karatun Hausa ya ga abin da ya gani. Azikiwe kuma, shekara ɗaya bayan dawowarsa, shi da Herbert Macaulay suka kafa NCNC a 1944.

Wannan hanya ba ta toshe ba. Jami'ar Nsukka, wadda aka buɗe a 1960 da taimakon Jami'ar Jihar Michigan, ta fara koyar da aikin jarida tun farkonta. Dele Giwa ya yi karatu a New York, ya yi aiki da New York Times, ya dawo aka kafa mujallar Newswatch da shi. Ranar 19 ga Oktoba 1986 wani ƙunshin bam ya kashe shi a gidansa da ke Ikeja. Karatun waje ya ba shi ƙwarewa, bai ba shi kariya ba.

Yau yaranmu na samun gurbin karatu a Ingila da Jamus da Amurka, wasu na aiki da sashen Hausa na BBC, wanda ya fara tun 1957. Amma a watan Fabrairun 2021, da rikici ya ɓarke a kasuwar Shasha a Ibadan, yawancinmu ta waya muka fara ji, ta saƙonnin da ake turawa ba a san wanda ya rubuta ba, kowane ɓangare da nasa labarin. Wasu sun yanke hukunci kafin wani ɗan jarida ya taka ƙafa wurin. Idan zaɓe ya zo ma haka ake yi.

Imam ya ji Turanci, ya je har Landan, amma da Hausa ya ba da rahoto. Mu kuwa a nan muna da yara da suka tashi da Hausa da Yarbanci da Turanci a baki ɗaya, sai dai da wuya ka ji iyayensu sun ambaci aikin jarida idan ana zaɓa musu karatu. Likita ake so, ko injiniya.