BABI NA BIYU: TARIHIN RAYUWAR SHEHUN MALAMI ARTHUR LEWIS (1915-1991)

2.1 Haihuwarsa da Ƙuruciyarsa

An haifi William Arthur Lewis ran 23 ga watan Janairu, 1915, a garin Castries na tsibirin Sent Lusiya da ke yankin Karebiyan, wanda a lokacin yake ƙarƙashin mulkin mallakar Ingila. Iyayensa duka malaman makaranta ne, 'yan asalin tsibirin Antigua. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara 7, don haka nauyin tarbiyyarsa da ta 'yan'uwansa maza huɗu ya koma wuyan mahaifiyarsu. Ya kammala sakandare yana ɗan shekara 14, sai ya kama aikin akawu a ma'aikatar gwamnati, domin shekarunsa ba su kai na zama jarrabawar neman tallafin karatu ba. A 1932 ya ci wannan jarrabawa. Burinsa shi ne ya zama injiniya, amma ya lura cewa babu kamfanin rake ko ofishin gwamnati da zai ɗauki baƙar fata a wannan matsayi. Wannan ne ya sa ya karkata ga ilimin kasuwanci a Makarantar Nazarin Tattalin Arziki ta Landan, inda ya fita da daraja ta ɗaya a 1937.

2.2 Shigarsa Aikin Koyarwa

A 1938 makarantar ta ɗauke shi aiki, ya zama baƙar fata na farko da ya koyar a cikinta. Sai dai ɗaukar ba ta zo hannu sake ba. An amince ya riƙa karantar da ɗalibai a aji, amma ba a yarda ya riƙa ganawa da su ɗaiɗai ba, saboda hukumar makarantar tana tsoron abin da za a ce. Ba a daɗe ba wannan sharaɗi ya zama tarihi. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke aka mayar da makarantar garin Cambridge, manyan malamai da dama suka tafi aikin gwamnati, nauyin azuzuwa masu yawa ya faɗo kansa. A wannan lokaci ne Friedrich Hayek, wanda ke riƙe da sashen, ya ba shi shawarar ya koyar da abin da ya faru ga tattalin arzikin duniya tsakanin yaƙoƙin biyu. Laccocin nan su ne suka zama littafin da ya buga a 1949. Ya sami digirinsa na uku a 1940, kuma a 1948 Jami'ar Manchester ta naɗa shi shehun malami yana ɗan shekara 33.

2.3 Ra'insa a kan Yalwar 'Yan Ƙwadago

Aikin da ya fi fito da sunansa shi ne maƙalar da ya buga a 1954. Tambayar da ta dame shi ita ce: me ya sa ma'aikacin gonar rake yake cikin talauci alhali yawan sukarin da yake samarwa ya ninka, amma manomin alkama a ƙasashe irin su Kanada yake cikin wadata? Shi da kansa ya bayyana cewa amsar ta zo masa ne yana tafiya a titin birnin Bangkok a 1952.

Lewis ya kasa tattalin arzikin ƙasa mai tasowa gida biyu. Akwai ɓangaren gargajiya, inda hannaye suka yi wa aiki yawa, akwai kuma na zamani mai jari da injuna. Muddin akwai mutanen ƙauye da ke shirye su zo, mai masana'anta ba shi da dalilin ƙara lada, illa ya biya abin da ya ɗan ɗara na zaman gida. Ribar da ta taru a hannunsa, idan ya sake zuba ta a sana'a, ita ce ke faɗaɗa masana'antu har rarar ma'aikata ta ƙare, sannan lada ya fara hawa. Wannan bayani ba baƙo ba ne ga duk wanda ya san cin rani. Matasan da ke barin ƙasar Hausa bayan kaka zuwa gonakin koko na kudu, ba darajar koko ce ke yanke ladansu ba, ɗan abin da gonar gero ke ba su a gida ne. Ma'ana, in ba a inganta noman abinci ba, ladan lebura ba zai tashi ba ko da kayan da ake fitarwa waje sun yi albarka. Inda ra'in ya yi rauni shi ne zaton cewa mai riba zai mayar da ita cikin ƙasa, abin da sau da yawa bai faru ba a Afirka.

2.4 Zamansa a Ghana

Tun a 1953 ya rubuta wa gwamnatin Gwalkwas rahoto a kan kafa masana'antu, inda ya ce a fara da gyara noman abinci da samar da hanyoyi da ruwa da lantarki. Bayan samun 'yancin kai a 1957, Kwame Nkrumah ya gayyace shi ya zama mai ba shi shawara. Tafiyar ba ta yi nisa ba. Lewis yana son kowane aiki a auna ribarsa kafin a taɓa kuɗin manoman koko, shi kuwa Nkrumah yana gaggawar manyan ayyukan da za su ɗaga martabar sabuwar ƙasa da ta jam'iyyarsa. A ƙarshen 1958 Lewis ya ajiye aikin. Ba za a ce gaskiya duk tana ɓangare guda ba, domin ɗan siyasa yana da talakawan da ya yi wa alkawari, amma bashin da ya dabaibaye Ghana kafin juyin mulkin 1966 ya nuna cewa tsoron da malamin ya ji yana da tushe. Abin da ya gani ya sa ya buga littafi a 1965 yana sukar mulkin jam'iyya ɗaya, yana mai cewa ƙasashe masu ƙabilu da yawa tarayya da gwamnatin haɗin gwiwa suka fi dacewa da su. A 1967 kuma ya yi nazari a kan bunƙasar tattalin arzikin Nijeriya.

2.5 Komawarsa Aji da Rasuwarsa

Bayan ya shugabanci Jami'ar West Indies, sai ya koma Jami'ar Princeton ta Amurka a 1963, shekarar da Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma ta "Sir". Ya yi shekara 20 a can yana koyar da bunƙasar tattalin arziki da tarihinsa, in ban da tsakanin 1970 da 1973 da ya tafi kafa Bankin Raya Karebiyan. A 1979 aka ba shi kyautar Nobel tare da Theodore Schultz. Ya yi ritaya a 1983, shekara 45 ke nan da fara riƙe alli. Ya rasu ran 15 ga watan Yuni, 1991, a Barbados, aka mayar da gawarsa Sent Lusiya, aka binne shi a harabar kwalejin da ke ɗauke da sunansa.