Alamomin Bayan Jariri da ke Nuna Matsalar Laka a Ɓoye

Akwai matsalar da ake haifar yaro da ita, inda ƙashin baya bai gama haɗewa ba ko lakar ta manne a ƙasa, amma fata ta rufe wurin. Jaririn sai a gan shi lafiya lau. Sau da yawa abin da ke tona ta ɗan alama ce a ƙasan gadon baya, saman tsagin ɗuwawu. Dalili kuwa, fata da laka tushensu ɗaya a ciki, kuma bututun lakar yana rufewa ne cikin kwana 28 na farkon ɗaukar ciki. In an samu tangarɗa a lokacin, takan bar shaida a fata.

Abubuwan da za a duba: curin gashi a tsakiyar baya, kumburin kitse mai laushi, jan tabo, ɗan tsiro kamar wutsiya, ko tsagin ɗuwawu da ya karkace. In biyu suka haɗu, zargin ya fi ƙarfi.

Ɗan rami fa? Yawancinsu ba komai ba ne. Wanda ke cikin tsagin, ƙarami, ana ganin ƙasansa, ba ya buƙatar gwaji. Wanda faɗinsa ya wuce milimita 5, ko ya haura santimita 2.5 daga dubura, ko yake ɗigar ruwa, shi ne abin kaiwa asibiti, don yana iya zama hanyar da ƙwayar cuta za ta bi ta haddasa sanƙarau. Kada a soka masa tsinke, kada a kai wa wanzami ya yanke tsiron. Shuɗin tabon nan da yawancin jariranmu ke zuwa da shi a ɗuwawu kuwa, yana ɓacewa da kansa.

Kakar da ke wankan jariri ita ce kan fara gani, don haka ta faɗa da wuri. Kafin wata 3 zuwa 4 sikanin yana iya nuna lakar. Bayan nan sai hoton MRI, wanda ya fi tsada. In aka bar lakar a manne, yaro na girma tana jawuwa, sai a fara ganin raunin ƙafa, karkacewar sawu, ciwon baya, ko fitsarin da ba ya riƙewa. Asibitocin koyarwa na Ibadan da Legas suna da likitocin tiyatar laka, kuma aikin ya fi amfani kafin jijiyoyi su lalace.