Jirgin Bauchi da Bai Taɓa Zuwa Bauchi Ba

Mu a Bacirawa, in an ce jirgin ƙasa, na gyaɗa muke tunawa, wanda ya iso Kano a 1911 ya sa manoman karkarar birni suka duƙufa kan nomanta. Amma a daidai lokacin nan akwai wani ƙaramin dogo da ya tashi daga Zariya ya nufi kudu maso gabas, shi kuwa ba don manomi aka yi shi ba. Don kuza aka yi shi.

Kafin zuwansa, a kan mutane ake ɗaukar kuzar tudun Jos, 'yan dako su yi ta tafiya kwana da kwanaki har Loko a bakin Binuwai, sannan a zuba a jirgin ruwa. Kamfanonin Turawa suka matsa wa gwamnati lamba. Ita kuma ba ta son kashe kuɗi, sai ta zaɓi siririn dogo mai faɗin ƙafa biyu da rabi, alhali babban layin Kano ƙafa uku da rabi ne. Hatta ƙarafan farko ma kwance ne, an ciro su daga tsohon layin Zungeru zuwa Barijuko wanda aka daina amfani da shi.

A 1912 jirgin ya kai Rahama, ta Soba da Dutsen Wai. Nan ya tsaya na ɗan lokaci, Rahama ta zama ƙarshen layi, inda ake sauke kuza daga kai a loda a tarago. A 1914 aka hau da shi tudu ta Jengre har Jos da Bukuru, tsawonsa duka mil 143. Sunan Bauchi kuwa ya same shi ne don a lokacin tudun yana cikin lardin Bauchi. Garin Bauchi kansa bai ga jirgi ba sai 1961, ta wani layin dabam.

Rowar da aka yi wajen gininsa ita ta ci shi. Tunda faɗin layukan bai zo ɗaya ba, duk buhun da ya iso Zariya sai an sauke shi an sake lodawa a babban jirgi. A 1927 babban dogo ya iso Jos ta Kafanchan, kuza ta sami hanya kai tsaye zuwa Fatakwal, gawayin Inugu kuma ya samu hanyar hawowa. Daga ranar masu kuza suka juya wa ƙaramin baya. Ya rage wa mutanen ƙauyukan da ke gefensa, yana jan jiki da fasinja da amfanin gona, har motocin lori suka zo suka ƙwace wannan ma. A ganina shekaru talatin ɗin nan na ƙarshe su ne ya fi yi wa talaka amfani, su ne kuma aka fi mantawa da su.

A ƙarshen Satumba 1957, Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya ta rufe layin Zariya zuwa Jos, daga baya aka kwashe ƙarafan.

Wanda ya bi hanyar Zariya zuwa Pambegua yau, zai wuce Soba da Dutsen Wai bai san jirgi ya taɓa busa a wurin ba. Kawunan jirgin da suka tsira suna ajiye a harabar gidan tarihi na Jos.