Yadda Bijimin Daji Ya Rasa Ƙaho Ɗaya a Hannun Masu Fassara

Sau 9 Tsohon Alkawari ya ambaci wata dabba da Ibraniyanci ke kira re'em. Ga ƙarfi, ga taurin kai, ba ta ɗauruwa, ba ta jan garma, ba ta kwana a turken kowa. Da malaman Yahudawa na Iskandariya suka soma mayar da Attaura harshen Girkanci a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, sai suka sa mata suna "mai ƙaho ɗaya". Daga nan zance ya karkace. Jerom, mai fassarar Latin, ya riƙa cewa karkanda a wasu wuraren, a wasu kuma ya bi Girkawa. Mutanen Turai kuwa suka ƙawata abin, suka zana farin doki da ƙaho a tsakar goshi, har fassarar Sarki James ta Ingila ta 1611 ta ɗauki sunan.

Su ma masu wannan fassarar sun ga gyara a gabansu. A Maimaitawar Shari'a an ce dabba ɗaya ce mai ƙahoni. Maimakon su sake tunani, sai suka mayar da dabbar jam'i don lissafi ya fita.

Masu tonon kufai ne suka warware matsalar a ƙarni na 19, da aka iya karanta rubutun Assuriyawa. Can aka tarar da rimu, ƙaton bijimin daji da sarakunansu ke alfahari da farautarsa. A gicciye suke sassaƙa shi, ƙaho ya rufe ƙaho. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar shanu ta Potiskum ya san haka: ka dubi jan Rahaji daga gefe, lokacin da dillali ke zagaya shi yana dafa tozo yana yabon ƙirji, sau da yawa ƙaho ɗaya za ka gani, sai ya juyo da kai na biyun ya bayyana. Ba kuwa kama ce kawai ba. Bunaji da Bokoloji da Wadara da ake lodawa a tirela zuwa Kudu, da Kuri mai kumburarrun ƙahoni na bakin Tafkin Chadi, duk daga zuriyar wancan bijimin suka fito. Saniya ta ƙarshe a jinsinsa ta mutu a wani daji na Folan a 1627. Turawan Ingila kuwa sai a 1885 suka gyara fassararsu, suka koma ga san daji.

Da Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, wannan gardama ta riga ta mutu, ba mu gaji dokin tatsuniya ba. A fassarar Hausa da aka fi karantawa a yau ɓauna aka sa. Masanin dabbobi zai ce ai ɓauna daban, bijimin daji daban, kuma gaskiyarsa. Sai dai mai karatu ya san ɓauna, ya san ba a sa mata igiya a hanci. A ganina wannan zaɓin ya fi na 1611 kusa da abin da aka rubuta tun asali.