Tarihin Wasa Ƙwaƙwalwa a Ƙasar Daura

Duk wanda ya tashi a ƙasar Daura ya san yadda dare ke farawa a gidajenmu da kaka. In an gama cin tuwo, farin wata ya fito, sai yara su kewaye tsohuwa a tsakar gida. Kafin ta shiga tatsuniya sai ta fara gwada su. Ta ce, "Ƙulin ƙulifita." Su amsa baki ɗaya, "Gauta!" Ta ce, "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." Mai saurin fahimta ya ce, "Tsintsiya." Ta ce, "Baba na ɗaka, gemu na waje." Nan fa kowa ya yi tsit, ana ta sosa ƙeya, har wani ya tuna da wuta da hayaƙinta. Wannan shi ne kacici-kacici, waɗansu kuma su ce ka-cinci-ka-cinci, watau ka nemo amsa da kanka kamar mai tsintuwa.

Wasan yana da doka. In an kasa, mai tambaya ba ya faɗin amsa kyauta, sai ya ce, "Ku ba ni gari." Sai a yi ta miƙo masa garuruwa. In an ba shi ƙauye ya ƙi, ya ce ya raina. Sai an ba shi birni mai suna, kamar Kano ko Katsina ko Daura, sa'an nan ya karɓa, ya yi kamar ya shiga garin ya ci ya sha, kana ya warware musu. Ta wannan hanya yaron da bai taɓa wuce bakin ganuwa ba ya kan haddace sunayen garuruwa, ya san babba ya san ƙarami.

Ko labarin kafuwar sarautar Daura, in ka duba shi da kyau, cike ya ke da irin wannan wasa da kalmomi. Masu ba da tarihi sun ce wani baƙo ya fito daga gabas, ya biyo ta Barno, ya bar matarsa a Garun Gabas, ya tsaya Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa. Ya iso Daura da dare, ya sauka gidan wata tsohuwa, ya roƙi ruwa. Ta ce masa ba a samun ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Jumma'a, saboda wani maciji da a ke kira Sarki. Ya tafi ya kashe macijin, ya yanke kansa ya ɓoye. Da gari ya waye Sarauniya Daurama ta tambayi wanda ya yi wannan aiki. Mutane da dama suka ce su ne. Aka ce to, kowa ya kawo kan. Nan masu ƙarya suka watse, domin amsar da ba ta da shaida ba amsa ba ce.

Dubi sunayen kuma. An ce ana kiran baƙon Bayajida domin ba ya ji da, watau da can ba ya jin harshen mutanen garin. Kuyangar da Sarauniya ta ba shi ta haifi ɗa, ta sa masa suna Karɓagari. Da ita Daurama ta haihu, sai ta mayar da martani, ta kira nata ɗan Bawo, watau a bawo garin, a mayar da shi ga masu shi. Ka ga mata biyu sun yi muhawara a kan gadon mulki, ba wadda ta ɗaga murya, kowace ta ƙunshe maganarta cikin sunan jariri. 'Ya'yan Bawo shida su ne aka ce sun sarauci Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano. In ka haɗa da Biram, sun cika Hausa Bakwai.

Manya ma suna da nasu wasan. Akwai dara, wadda a ke haƙa gurabu talatin a ƙasa, layi biyar na shida shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya goma sha biyu, 'yan kallo na tsaye a kansu kowa na ganin ya fi mai yi iyawa. Akwai zaurance, inda samari da 'yammata ke cusa wata gaɓa a tsakanin gaɓoɓin kalma don kada na gefe ya gane. Akwai habaici da karin magana, waɗanda in ba ka da kunne sai a yi da kai kana dariya.

Malamai kuwa nasu wasa ƙwaƙwalwar a rubuce ya ke. A wurinsu kowane baƙi na Larabci yana da lamba. Alif ɗaya ne, ba biyu, jim uku, dal huɗu, haka har ya goma, kaf ashirin, lam talatin. A lissafin da malaman ƙasarmu suka gada daga Magrib, ra ɗari biyu ne, shin kuwa dubu. Da wannan ne mawallafan waƙoƙin wa'azi na zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da 'yarsa Nana Asma'u ke ɓoye shekarar da suka gama waƙa cikin kalma guda a baitin ƙarshe. Ana kiran wannan ramzi. Misali, wanda ke son ya nuna shekara ta 1232 ta Hijira, wadda Shehu ya rasu cikinta, watau 1817, sai ya haɗa shin da ra da lam da ba. Dubu da ɗari biyu da talatin da biyu ke nan. Jahili ya ji kalma ce kawai marar ma'ana, almajirin da ya san hisabi kuwa ya ƙirga ya fitar da shekara.

Haka kuma hatimi. Mafi sauƙinsa shi ne mai gida tara. A layin sama a sa 4 da 9 da 2, a na tsakiya 3 da 5 da 7, a na ƙasa 8 da 1 da 6. Ko ta ina ka tara, a tsaye ko a kwance ko daga kusurwa zuwa kusurwa, goma sha biyar za ka samu. Wani malami na maƙwabtanmu Katsina, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, ya yi suna a wannan fanni har ƙasar Masar. A shekarar 1732 ya rubuta littafi da Larabci a kan yadda a ke tsara irin waɗannan gidaje, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Ashe zana gidaje a takarda a cika su bisa ƙa'ida ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa.

To, su ma Turawa suna da wani wasa mai kama da haɗin kacici-kacici da hatimi. Bari mu kira shi saƙar kalmomi, gama kalmomin suna ratsa juna kamar zaren tsaye da abawa. Ana zana gidaje, waɗansu farare waɗansu baƙaƙe, a rubuta tambayoyi a gefe. Kowace amsa tana shiga fararen gidaje, harafi ɗaya a gida ɗaya, wata a kwance wata a tsaye. Inda biyu suka haɗu, harafinsu ɗaya ne. Saboda haka in ka yi kuskure a wuri ɗaya, maƙwabciyar kalma ita za ta tona ka.

Wani mutumin Liverpool ta Ingila da ya koma Amurka, sunansa Arthur Wynne, shi ya fara buga shi a jaridar New York World ran 21 ga Disamba, 1913. A 1924 aka buga littafin farko na wasan, mutane suka yi ta rububinsa. Da ya ƙetara Ingila sai suka ƙara masa wuya. Wani marubuci, Edward Powys Mathers, ya fara shirya wa jaridar Observer irin nasa a 1926, inda tambayar kanta ta zama tarko: abin da ta faɗa a fili daban, abin da ta ke nufi daban. Jaridar Times ta bi sahu a 1930. Waɗansu masu shiryawa kuma su kan ɗora wasan duka a kan jigo ɗaya, sai ka gano jigon sa'an nan sauran ƙofofi su buɗe. Mafi wuyansu a kan buga su ne a ƙarshen mako, lokacin da ma'aikata ke hutu, miji da mata ko abokai su zauna da jarida ɗaya da fensir, wannan ya samo rabin amsa, wancan ya ƙarasa.

Kada mai karatu ya ɗauka abin na marasa aikin yi ne. A Janairun 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, jaridar Daily Telegraph ta yi gasar warware wasan cikin minti goma sha biyu. Bayan gasar hukumar yaƙi ta nemi waɗansu daga cikin gwanayen, ta kai su Bletchley Park, inda a ke kwance saƙonnin asiri na Jamus. A 1944 kuma, dab da sojan taron dangi za su sauka Faransa, sai aka ga sunayen asiri na shirin, irin su Utah da Omaha da Overlord, suna fitowa cikin amsoshin wasan wannan jarida. Aka kira mai shiryawa, wani shugaban makaranta, Leonard Dawe, aka yi masa tambayoyi, kana aka sallame shi.

Mu komo gida. Tsakanin 1911 da 1913 waɗansu Turawa, Edgar da Fletcher da Tremearne, sun buga littattafan da suka tara tatsuniyoyi da karin magana da kacici-kacici na Hausa. A 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam yana editanta. Cikin shekarun 1950 aka tashi Yaƙi da Jahilci, aka buɗe azuzuwan manya a birni da ƙauye. A 1954 aka kafa hukumar NORLA don ta samar wa waɗanda suka sauke abin karantawa, ta kuwa buga ƙananan jaridu na larduna. Ta Lardin Katsina, wanda Daura ke cikinsa a lokacin, ita ce Himma. Wannan duk a zamanin Sarkin Daura Abdurrahman ne, wanda ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966. Dalilin wannan ɗawainiya ɗaya ne: an lura karatu kamar lauje ya ke, in an jingine shi sai ya yi tsatsa. Mutum ya sha wahala ya karɓi takardar shaida, bayan shekara biyu a miƙo masa wasiƙa ya nemi mai karanta masa.

Wannan haɗari yana nan har yau, ga kuma wani ya ƙaru. Hirar dare ta ragu, rediyo da talabijin da wayar hannu sun ɗauke hankalin yara, tsofaffin da suka san kacici-kacici suna ta tafiya da abinsu. Maganin abu biyun nan ɗaya ne, kuma ba ya cin ko kwabo: wanda ya iya rubutu ya zauna da wanda ya san magana.

Hausa kuwa ta dace da wannan wasa ƙwarai. Ga misali huɗu da na shirya, lambar da ke ƙarshe ita ce yawan haruffan amsa. Na ɗaya: "Kare ya rikice, ya koma abin sha mai zaƙi, 4." Kalmar rikice ita ce ishara, tana cewa a birkita haruffan kare. Amsa, rake. Na biyu: "Ganyen kwaɗo ya ɓuya wurin Daurama, 4." Dubi ƙarshen sunan, za ka ga rama. Na uku: "Masaukin fatake, kuma mazaunin sarki, 5." Na huɗu: "Itace ne mai 'ya'ya, gari ne mai tarihi, 5." Waɗannan biyu sai wanda ya san jigon. Wajen 1805 Malam Isiyaku ya zo da tutar Shehu ya ci Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa. Zuriyarsa suka zauna a Zango da Ɓaure, har 1906 da Turawa suka komo da Malam Musa daga Zango suka naɗa shi a Daura. Ga amsoshin nan biyu, Zango da Ɓaure.

Wasan zai kuma koya maka kula da ƙugiyar harafi, abin da ke kayar da sababbin masu rubutu. Daura gari ne, ɗaura kuwa aikin mai zane ne ko mai aure. Kare dabba ce, ƙare kuwa gamawa. A baki ba mai ruɗewa, amma a takarda in ka manta ƙugiya ka sauya magana. Cikin gidajen saƙa kuwa, d da ɗ ba su zama gida ɗaya.

Saboda haka ga shawara. Ran da ba aiki, Jumma'a bayan an sauko masallaci, ko Asabar da la'asar, ku taru ku uku ko huɗu a zaure. Ɗaya ya zana gidaje a takarda ko a bayan allo, ya zaɓi jigo, ko Hausa Bakwai, ko kayan gona, ko sarautun fada irin su Galadima da Ƙaura. Ku fara da kalma shida, in hannu ya faɗa ku ƙara. Ku gayyato dattijon da bai yi boko ba, gama shi ne rumbun kalmomi, ku kuwa ku ne alƙalaminsa. Abin da ya faɗa na kacici-kacici ku rubuta a littafi ku ajiye wa 'ya'yanku. Mata ma su yi nasu a cikin gida, tun da asalin wasan a hannunsu ya ke.

In an kai ga tambayar da ta gagari kowa, kada a yi fushi, kada kuma a leƙa takardar mai shiryawa. A bi dokar kakanni, a ba shi gari. In ya ƙi Sandamu ya ƙi Mai'aduwa, a ba shi Daura, ba zai ƙi ba.